Rataye buhun naushi a ɗaki mai gajeren rufi

Ɗan'uwa, ka ce ɗakin ƙasan benenku rufinsa gajere ne, kana son rataye buhun naushi mai kilo 40. Fara da duba abin da ke saman kanka. In silin ne ko POP, kada ma ka soma. Ƙugiyar fanka ma ba ta wannan aikin ba ce, don buhu in yana lilo, fizgarsa ta fi nauyinsa nesa ba kusa ba.

In dekin kankare ne, a ɗaura farantin ƙarfe da kusoshi huɗu masu buɗewa a cikin rami, amma kafin a huda mai wayarin ya nuna inda bututun wuta ya bi. Rage sarƙar sosai, tsakiyar buhun ta zo daidai ƙirjinka.

Ni dai da ni ne, ƙarfe zan sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, mai walda ya haɗa tsayayyen firam mai faɗin gindi, mai gida ma ba zai yi ƙorafi ba. A cikin buhun kuwa, tsumma za ka cusa. Zallar yashi dunƙulewa yake a ƙasa, ya ji maka ciwo a wuyan hannu. In akwai tsaga a dekin, injiniya ya fara gani.