Lambu a Tabuk: me za a yi kafin Murabba'aniyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da lambun wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan garin Tabuk na Saudiyya. Akwai wardi, rumman, inabi da lemun tsami gindi huɗu. Bara sanyi ya ƙone lemun da wardin, ganyen ya yi baƙi a dare ɗaya. Me zan yi bana? Daga mai karatu a Tabuk.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shirin yana farawa ne tun shigar Wasmi, wato lokacin ruwan farko a ƙidayar Larabawa, tsakiyar Oktoba. Wanda ya jira Murabba'aniyya, wato lokacin tsananin sanyi, wadda ke kamawa wajen 7 ga Disamba ta yi kwana arba'in, ya makara.

Abu na farko, daina zuba takin yuriya. Takin da ke sa ganye yana tura shuka ta fitar da sabon toho, shi kuwa ɗanyen toho cike yake da ruwa, shi sanyi ke fara daskarewa ya fasa. Saboda wannan dalilin ma kada ka datse rassa yanzu, ko da mai gida ya ce lambun ya yi buzu-buzu. Datsa ma toho take jawowa. Inabi da rumman ba abin damuwa ba ne, za su zubar da ganye su kwanta, sai ka datse su a ƙarshen Janairu ko Fabrairu. Wardi ma a lokacin. Yanzu dai cire mataccen reshe kawai, ka kwashe ganyen da ya yi tabo ka fitar da shi daga lambun.

Ka zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi a kewayen kowane gindi, ka rufe da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8. Bar tazarar tafin hannu tsakaninta da kututture, don in ta manne da shi danshi zai ruɓar da ɓawon. Ban ruwa kuma a rage, amma kada a yanke.

Lemun tsami shi ne ragon cikinsu, sanyin digiri 2 ƙasa da sifiri na 'yan sa'o'i ya isa ya illata shi. Daren da za ka ji tsoro shi ne wanda sama ta yi garau, babu gajimare, iska ta tsaya cik, domin a irinsa ne ƙasa ke sakin ɗumin da ta tara da rana. In hasashen yanayi ya nuna digiri 3 ko ƙasa, shayar da gindin da hantsi, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Kafin magariba ka kafa sanduna ka lulluɓe bishiyar da buhun algarara ko tsohon bargo har ya taɓa ƙasa, ka danne da duwatsu. Masu ɗaure mayafin a wuyan kututture suna ɓata wa kansu lokaci, sun raba bishiyar da ɗumin ƙasa. Leda kuwa duk inda ta taɓa ganye nan zai ƙone. Da rana ta ɗaga, yaye.

In duk da haka sanyi ya taɓa ta, bar ƙonannen ganyen a wurinsa yana kare na ƙasa. Sai Maris, in sabon toho ya nuna maka iyakar inda reshe ya mutu, sannan ka sa almakashi.

Tambaya: Na'ana'ata ta cika kasko, tsakiyarta ta bushe. Daga wata uwargida a Ha'il.

Amsa: Hajiya, saiwa ce ta cunkushe. Zazzage ta a Oktoba, ki yar da tsakiyar, ki raba gefen gida uku ko huɗu, kowane da saiwarsa, ki dasa a sabuwar ƙasa. Ki jera kaskon jikin bangon da ke fuskantar kudu.