Kwalaye uku na katunan besbol: in zuba jari ko in haƙura?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar gwanjo a Bronx, birnin New York, ya aiko da tambaya. An yi masa tayin kwalaye uku cike da tsofaffin katuna masu hoton 'yan wasan besbol, wani wasan ƙwallo da sanda na Amurka, mai kayan yana neman dala dubu biyu, shi kuma ya ji labarin kati ɗaya da aka sayar da miliyoyi. Tambayarsa ita ce, ya saya ko ya haƙura?

Malam, labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Agustan 2022 an sayar da katin shahararren ɗan wasan besbol Mickey Mantle, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6. A watan ne kuma katin Honus Wagner, ɗan wasan ƙungiyar birnin Pittsburgh, ya kai dala miliyan 7.25. Shi wannan a cikin kwalin taba sigari ake saka irinsa tsakanin 1909 da 1911, kuma waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba. Ƙarancinsa ne ya ba shi daraja.

Damuwata ita ce, galibin kwalayen da ake fitarwa daga gidajen Amurkawa na shekarun 1987 zuwa 1994 ne. A lokacin kamfanoni sun buga katuna ba adadi, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran tsada, sai kaya suka yi wa kasuwa yawa. Yau da yawansu ko dala ɗaya ba sa yi. Don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce a buɗe maka, ka juya bayan katin, yawanci shekarar na nan da ƙananan rubutu a ƙasa. In ka ga na kafin 1970, ka ware su gefe.

Sai ka zauna inda haske yake ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Kusurwoyin nan huɗu a tsaye suke ko sun lanƙwashe? Hoton yana tsakiya daidai, ko farin gefen dama ya fi na hagu faɗi? Ɗan layin ninki da ido ke gani da ƙyar yana iya zubar da fiye da rabin kuɗin. Kamfanoni irin su PSA da SGC suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba, kuma makin ne masu saye suke biya. Tantancewar da kuɗi ake yi, kati-kati, saboda haka sai wanda ka tabbata zai mayar da kuɗinsa za ka tura.

Don Allah kada ka goge su ko ka datse gefen don ya yi kyau, masana suna ganewa. Ka yi hattara da jabu ma, musamman in an nuna maka katin shahararrun 'yan wasa irin su Babe Ruth ko Jackie Robinson da araha.

Wajen farashi, ka shiga shafin saye da sayarwa na intanet, eBay, ka duba nawa aka riga aka sayar da irinsa, ka rabu da abin da masu talla suke nema. In mai kayan ya ƙi a buɗe, riƙe kuɗinka. In ya yarda kuma na 1990 ne zalla, ni ko dala ɗari ba zan ba ka shawarar bayarwa ba.