Neman biza ta intanet: inda waya da kwamfuta ke kawo cikas

Tambaya: Malam, na cika fom ɗin biza ta intanet har ƙarshe, amma duk hoton da na ɗora sai shafin ya ƙi karɓa. Da iPhone na ɗauka, kuma ya fita tas. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, kyan hoto a ido daban, abin da na'ura ke dubawa daban. Nau'in fayil take fara dubawa, sai nauyinsa da fasalinsa. iPhone tana ajiye hoto a tsarin HEIC, alhali akasarin shafukan biza JPEG suke karɓa. Ka shiga saitin kyamara, wajen "Formats", ka zaɓi "Most Compatible", sannan ka sake ɗauka. Sai batun nauyi. Hoton wayar zamani yakan kai megabayit 3 ko fiye, amma shafin biza na Indiya, alal misali, ya ƙayyade hoton fuska tsakanin kilobayit 10 da megabayit 1, tsawo da faɗi daidai wa daida, shafin fasfo kuma a PDF wanda bai wuce kilobayit 300 ba. Kowace ƙasa da ma'auninta, don haka ka karanta nata kafin ka rage girman hoton. Ka tsaya gaban farin bango, haske ya zo ta gabanka, ka cire tabarau, ka kuma kashe tsarin nan mai goge fuska ta yi sumul. Wajen ɗaukar fasfo kada ka kunna hasken kyamara, domin shafin yana da sheƙi, hasken zai cinye rubutun.

Tambaya: Bizata ta fito, sai na lura na rubuta harafin O a wurin sifili a lambar fasfo. Sauran komai daidai ne. Zan iya tafiya a haka?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki kama hanya da ita. Biza ta intanet ba takarda ce da aka manna a fasfo ba, bayani ne da ke ajiye a kwamfutar hukumar shige da fice ta ƙasar da za ki, kuma da lambar fasfonki ake nemo shi. A ƙasan shafin fasfo mai ɗauke da hotonki akwai layi 2 na haruffa da lambobi, kowane layi gurbi 44. Su na'urar filin jirgi ke karantawa. Idan ta nemi lambar ba ta same ta ba, a wurinta ba ki da biza, ko da takardar na hannunki. Sau da yawa ma tun wajen tantance fasinjoji kamfanin jirgin zai tsayar da ke, saboda in ya kai mutum ba cikakkun takardu, shi ake ci tara, shi ne kuma zai dawo da shi.

Ƙasashe da yawa ba sa gyara biza bayan ta fito. Sabuwa ake nema, a sake biya, kuɗin farko kuma ba ya dawowa. Idan kin zo cika sabon fom, ki ajiye fasfon a gabanki ki kwafa daga shi, ba daga ka ba. Na farko cikin layukan nan 2 na ƙasan shafin hotonki yana nuna yadda hukuma ta jera sunanki: sunan mahaifi ko na iyali ne a gaba, sai alamar << ta raba shi da sauran. Haka za ki bi, ko da ba haka ake kiranki a gida ba. Ki kashe fassarar da Chrome ke yi da kansa, da tsarin da ke cika gurabe ba a sa shi ba, don su biyun suna sauya rubutu ba ki sani ba. Ki kula da kwanan wata: 03/04 a wani shafi 3 ga Afrilu ne, a wani kuma 4 ga Maris. Kuma duk wanda ya sabunta fasfo bayan biza ta fito, ya tambayi hukumar ƙasar tukuna, domin lambar ta canza.

Tambaya: Na bincika a Google, shafuka sun fi biyar, kowanne da tutar ƙasar. Wanne ne na gaskiya?

Amsa: Waɗanda ke can sama galibi talla ne, na dillalai masu ninka kuɗi, wasu kuma 'yan damfara ne masu tattara bayanan fasfo da na katin banki. Tuta da tambari kowa na iya kwafa. Adireshin za ka duba: na Turkiyya evisa.gov.tr ne, na Indiya indianvisaonline.gov.in, na Kenya etakenya.go.ke. Hanya mafi aminci ita ce ka shiga ta shafin ofishin jakadancin ƙasar. A nan ne kuma za ka ga ko fasfon ƙasarku ya cancanci irin wannan biza, domin ba kowa aka buɗe wa ba. ESTA, wato izinin tafiya Amurka da ake nema ta intanet, misali, ta 'yan ƙasashen da aka yafe wa biza ce kaɗai.

Tambaya: An cire kuɗi a katina, shafin ya tsaya cak, ban ga saƙo ba.

Amsa: Kada ka sake dannawa, nan ake biya sau biyu. Ka duba akwatin tarkacen imel, sannan ka bincika matsayin buƙatarka da lambar da aka ba ka tun farkon cika fom. Wani lokaci banki riƙe kuɗin kawai ya yi, in cinikin bai kammalu ba zai sake su bayan 'yan kwanaki. Kafin gwaji na gaba, ka tabbatar katin yana biya a ƙasashen waje, layin da lambar sirri ke shigowa kuma yana hannunka.

Tambaya: Sai na buga ta a takarda, ko ta waya ta isa?

Amsa: Buga kwafi 2, waya na iya mutuwa a layi. Ka karanta ta da kyau: wa'adin da biza ke aiki daban yake da kwanakin da aka yarda ka zauna, wata kuma shiga ɗaya ce tak, ta filayen jirgi da aka ƙayyade.