Hukuncin sayar wa 'yan jari bola robobi da tsofaffin takardu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Bolari, cikin garin Gombe. Ina tara robobin lemo da gwangwanaye da tsofaffin littattafan yara, in sayar wa masu zoɓo da 'yan jari bola. Uwar mijina ta ce kuɗin bola ba su da albarka. Shin halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kuɗin nan halal ne. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda za a iya miƙa wa mai saye. Roba da ƙarfe ba najasa ba ne a kan kansu. In ƙazanta ta taɓa su, ruwa na tsarkake su, sai dai a gaya wa mai saye in ba a wanke ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya wuce wata mushen tunkiya, sai ya tambaya me ya hana su ɗaukar fatarta su amfana. Suka ce ai mushe ce. Ya ce cinta kawai aka haramta. To in mushe ma ba a yarda a zubar da abin amfaninta ba, ina ga robar da aka sha lemo a ciki? Kuma a hadisin Mugira ɗan Shu'uba, tozarta dukiya na cikin abin da Allah Ya ƙi mana. Duk mutumin Gombe ya san inda robar da aka jefar take ƙarewa: cikin kwata, ta haɗu da ledar fiya wata ta toshe hanya, ruwan Agusta ya juyo cikin gidajen mutane. Ki faɗa wa Inna wannan cikin ladabi, tsantseni ne ya sa ta magana.

Inda nake jin tsoro shi ne galan da robar maganin feshi. Ƙasarmu ta noma ce, bayan damina sukan cika gidaje, kuma sai ka ga an ɗauraye an zuba man gyaɗa, ko nono, ko ruwan sha na yaro mai kiwo. Roba tana riƙe dafin nan, sabulu ba ya raba ta da shi. Sayar da ita ga wanda kika san abinci zai zuba haramun ne, saboda hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imam Malik ya kawo. Ki huda ta yadda ba za ta ƙara riƙe ruwa ba. Haka robar da kika tsinto daga bolar asibiti, kada ta je wajen mai zoɓo. Mai sake cika roba da wani abu ya rufe kamar daga kamfani ta fito, wannan algus ne, kuma in kin san nufinsa kada ki sayar masa.

Littattafan yara kuwa sai kin buɗe kin duba. Na lissafi ba laifi. Amma na Islamiyya, da duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, ba a sayar da su ga wanda zai ƙunshe ƙosai ko tsire, don daga hannun mai ci sai ƙasa, ana takawa. Ki ƙone su a wuri mai tsabta ko ki binne. Sayyidina Usman ya yi umarni da ƙone sauran mus'hafai bayan an rubuta wanda aka haɗu a kai, sahabbai na nan.

Ku kuma 'yan jari bola, yaro ɗan shekara 9 ya zo da tukunyar da har yanzu da ƙanzo a gindinta, ko murfin kwalbati, ko waya, ai ba sai an gaya muku ba. Cinikin yaro yana rataye ne ga yardar waliyyinsa, kayan sata kuwa ba ya zama naka don ka biya. Ku tambayi gidansu kafin ku ɗora a sikeli.

Wallahu a'alam.