Na tara sautukan ganga na kyauta a waya, zan iya raba su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ni matashi ne daga Gusau, shekara biyu ke nan ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio Mobile a wayata. Na tara ƙunshin sautukan ganga masu yawa daga guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, duk kyauta na same su, har na yi niyyar buɗe tasha in riƙa raba wa 'yan'uwa masu tasowa. To sai ga matsala. Wani mawaƙi ya sayi kiɗa a hannuna, ya ɗora waƙar a YouTube, bayan kwana biyu aka manna mata da'awar haƙƙin mallaka, wai kiɗan na wani ne. Yanzu ya ce sai na mayar masa da kuɗinsa, har yana kirana ɓarawo a cikin mutane. Wallahi ban saci kiɗan kowa ba, luf ɗaya, wato ɗan yankin kiɗa mai maimaita kansa, na ɗauko daga cikin ƙunshin. Wani abokina ya ce tunda bai kai sakan takwas ba, babu abin da za a iya yi mini. Ko barci ba na iyawa. Mene ne mafita? Kuma in buɗe tashar ko in fasa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka tukuna, abin bai kai na hana barci ba. Na kuma yarda ba ka yi da niyyar sata ba.

Ka ce wa mawaƙin ya buɗe YouTube Studio ku duba tare. In da'awa ce ta Content ID, wato tsarin YouTube na gane sauti, na'ura ce ta ji sautin ya yi kama da wani da aka yi wa rajista, sai ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai rajistar, ko ta toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Wannan ba ya taɓa lafiyar tasha. Abin tsoro shi ne sitiraik, wanda ke zuwa bayan mai haƙƙi ya nemi a cire bidiyo, domin in uku suka taru kafin na farko ya cika kwana 90 ya faɗi, ana iya rufe tashar ɗungurungum. A shafin za ku ga sunan mai da'awar, da daidai sakan ɗin da ake magana a kai. Na kusan tabbata za ka tarar wurin luf ɗin nan ne.

Yadda abin yake faruwa shi ne, luf ɗin da ke wayarka yana wayar dubban mutane. Wani daga cikinsu ya riga ku fitar da waƙa da shi, ya bi ta kamfanin rarraba waƙoƙi, ya danna a sa masa Content ID. Ƙa'idar YouTube ta hana yi wa abin da ba kai kaɗai ka mallaka ba rajista, amma mutane suna yi, wasu da gangan, wasu da rashin sani. In luf ɗin yana da lasisi na gaskiya, kuna iya ƙalubalantar da'awar, mai ita yana da kwana 30 ya ba da amsa, in ya yi shiru ta faɗi. Sai dai tambayar da zan yi maka ita ce, ina takardarka? Daga wane shafi luf ɗin ya fito, wa ya yi shi, me ya rubuta game da amfani da shi? In amsarka ita ce “a guruf aka turo”, kada ku danna ƙalubale. Ƙalubale ba hujja yana iya mayar da da'awa ta koma sitiraik, kuma tashar mawaƙin ce za ta sha.

Yanzu bari in zo kan abokinka, domin maganarsa ce ta fi damuna a duk wasiƙar nan.

Babu ranar da za ta fito ta faɗi ban ji wannan magana ta sakan takwas ba. Wani ya ce biyar, wani ya ce goma, wani ya ce talatin, wani ya ce ba da sakan ake aunawa ba, da gaɓar kiɗa ne, bar huɗu. Kowa da lambarsa, kuma in ka tambaye shi a wace doka ya gani, sai ya ce ai wani furodusa ne ya faɗa a bidiyo. Ka ji da kyau: babu wannan lamba a dokar Najeriya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare sautin da aka naɗa har shekara 50, waƙar kanta kuma har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ka karanta ta daga bango zuwa bango, ba za ka ga inda aka ce sakan kaza ka ɗiba ka ƙara gaba ba. Abin da alƙali ke dubawa shi ne muhimmancin abin da ka ɗauka, kuma a kiɗa sakan uku suna iya zama ran waƙar baki ɗaya.

A Jamus, ƙungiyar Kraftwerk ta kai furodusa Moses Pelham kotu a 1999 kan yankin kiɗa na sakan biyu kacal, da ya yanko daga faifansu na 1977. Sakan biyu, ƙanina. Aka yi fiye da shekara 20 ana hawa ana sauka, har maganar ta kai babbar kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke a 2019 cewa yankar sautin wani ba izini keta haƙƙi ne komai gajartarsa, sai fa in an sauya shi har kunne ya kasa gane shi. A Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta faɗa a 2005 cewa ko ka nemi lasisi ko ka bar yanka, wata kuma a 2016 ta sassauta a kan sautin da bai kai sakan ɗaya ba. To in manyan alƙalai da lauyoyinsu sun saɓa a kan abin da bai kai sakan ba, ina abokinka ya samo takwas?

Ƙanwar wannan magana ita ce “ka ɗaga masa murya kaɗan, shi ke nan ya zama naka”. Ɗaga sauti da mataki biyu ko rage masa gudu bai sauya mai shi ba. Ko da ka yi sa'ar kuɓuce wa na'ura yau, mai kiɗan yana da kunne, kuma ranar da waƙar ta yi tashe ita ce ranar da zai ji ta. Waƙar da ba ta je ko'ina ba babu mai bin ta. Wadda ta kawo kuɗi ita ake bi, a lokacin da ka fi ƙaunar ta.

Uwar duka ruɗanin kuwa ita ce kalmar kyauta. Samun abu ba ka biya ba daban, izinin sa shi a waƙar da za ka sayar daban, izinin raba shi ga wasu kuma daban. Abu uku ne, kuma mafi yawan ƙunshin da ke yawo na farkon kaɗai suke da shi. Dubi GarageBand, manhajar haɗa kiɗa ta iPhone. Apple ya yarda ka sa lufofinsa a waƙarka ka sayar, ba ya neman ko sisi, amma ya rubuta ƙarara cewa ba ka da ikon ciro su ɗaya-ɗaya ka raba, ko ka sake ƙunshe su. Haka Splice, shafin da ake biya a sauke sautuka, haka yawancin masu rubuta royalti-firi, wato ba sai ka biya su kaso daga waƙarka ba, a kan kayansu: izinin na wanda ya sauke ne da asusunsa, ba ya bin fayil zuwa wayar aboki. Saboda haka in wani ya biya Splice ya kwaso ya zuba a Telegram, shi ya karya sharaɗi, kai kuma da ka ɗauka ba ka da komai a hannu. Tsintacciyar mage ba ta mage.

Kwanakin baya wani yaro ya kawo mini wayarsa situdiyo, yana murna ya samu “gangunan gargajiya na asali”. Na sa abin kunne na buɗe folda. Fayil na farko kalangu ne mai daɗi, amma a ƙarƙashinsa kana jin shuuu ɗin tsohon kaset, kuma a ƙarshen yankan, daidai inda almakashi ya faɗa, ga rabin muryar 'yan amshi ta leƙo. Daga tsohon faifai aka yanko shi, ko share sawu ba a yi ba. Wasu fayilolin kuma har da sunan kamfanin Turawan da ke sayar da su a jiki, an dai sauya wa folda suna. Wanda ya haɗa wannan ya sa sunansa da lambar wayarsa a matsayin mai kyauta, ana ta yi masa addu'a a guruf.

Wannan na kaset ɗin shi ya fi ci mini rai. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1991, Hajiya Barmani Choge a 2013. Iyalansu suna nan da rai, haka iyalan makaɗan da suka ɗauki kalangu da kotso da ƙwarya suka bi su gari-gari. Faifan da ya fito a 1985 yana cikin kariya har 2035. Amma sai ka ji yaro yana cewa ai na gargajiya ne, na kowa ne. Salon kiɗan kana iya koyo ka buga da hannunka, babu mai hana ka. Bugun da wani bawan Allah ya yi da hannunsa aka naɗa, wannan yana da mai shi. Turawa suna da nasu abin kunyar a nan. Yankin gangar da ya fi kowane shan yanka a duniya, wanda ake kira Amen break, kimanin sakan bakwai ne daga wani faifai na 1969. An gina dubban waƙoƙi a kansa. Makaɗin da ya buga shi, Gregory Coleman, ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ga ko kwabo ba. Sakan bakwai ke nan, ƙasa da lambar abokinka. Ba na son mu yi wa namu makaɗan haka, muna kuma kiran abin taimakon masu tasowa. Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don ya tsufa, ko don ba shi da lauya, ko don bai san abin da ake kira Telegram ba.

Game da mawaƙin, kada ka tsaya ja-in-ja. Ka je ka same shi, ka ce kuskuren daga wurinka ne, ka cire luf ɗin, ka sake buga wurin da hannunka da sautukan bugu ɗaya-ɗaya, ka ba shi sabon kiɗan ba tare da ƙarin kuɗi ba ya sake ɗorawa. Kik ɗaya, wato bugun babbar ganga, ko tafi ɗaya da wuya su tayar da Content ID, tsararren luf ne ke tayar da shi, musamman mai ɗauke da karin sauti. Aikin yini ɗaya ne, kuma zai dawo maka da mutuncinka.

Tashar kuwa ka buɗe, niyyarka mai kyau ce. Amma abin da ka tara yanzu kada ka raba ko ɗaya da ba ka san asalinsa ba. In ka ga ƙunshin da mai shi ya saki kyauta a shafinsa, ka tura wa mutane adireshin shafin su sauke da kansu, kowa ya samu nasa izinin. BandLab, shi ma na haɗa kiɗa ne, yana da rumbun sautuka a cikin manhajarsa, ka nuna musu hanya. Akwai kuma Freesound, wanda wata jami'a a Basalona ta ƙasar Sifaniya ta buɗe tun 2005, inda kowane fayil ke ɗauke da lasisinsa. Mai alamar CC0 ka yi yadda ka so da shi, har rabawa. Mai BY sai ka ambaci mai shi. Mai NC bai dace da kiɗan sayarwa ba. Duk abin da ka sauke, ka ɗauki hoton shafin lasisin ka ajiye a folda ɗaya da shi, ita ce takardar da na tambaye ka ɗazu. Sannan ka gargaɗi mutanenka, sautin ganga ba ya zuwa a APK, wato fayil ɗin girka manhaja a wayar Android. In an turo “ƙunshin ganguna” ya ce a girka shi, ya nemi izinin shiga saƙonni, to ba ganga ba ce, asusun bankinka ake nema.

Abin da ya fi duka shi ne ka yi naka ƙunshin. Kana Gusau, a ƙasar da makaɗa ba su da wuyar samu. Duniya ta cika da kik na na'urar gangar nan 808, amma kalangu mai tsabta, da kotso, da duman girke, da shantu, waɗanda aka naɗa da izini, ba su da yawa. Ka gayyaci makaɗi ɗaki mai katifa da labule, da dare bayan janaretocin unguwa sun yi shiru. Ka kashe fanka, ka sa wayar a yanayin jirgi, ka ajiye ta kamar kamu ɗaya daga fatar gangar, ka rage ƙarfin ɗauka kada layin ya taɓa ja. Ya ba ka kowane bugu sau biyar ko shida, mai ƙarfi da mai taushi, da matsewar tsarkiya da sakinta, yana barin sautin ya mutu kafin na gaba. Ka fitar da fayil ɗin a tsarin WAV, a kan 44.1 kHz. Ka guji MP3, domin yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, shi ya sa kake jin bugun yana makara a kan layi. Ka rubuta gudun kowane luf a sunansa, ka haɗa su a zip, ka tura a matsayin dokumen don kada WhatsApp ya matse su.

Kafin ya taɓa gangar, ka faɗa masa gaskiyar abin da za a yi da sautin: za a raba wa mutane, wasu za su yi waƙa da shi su sayar. In ya yarda, ku yi ciniki ka biya shi a nan take, ku rubuta a takarda ya sa hannu a gaban shaida, in ba ya rubutu ka naɗi yardarsa da muryarsa. A cikin zip ɗin ka sa ɗan fayil mai layi uku da Hausa: sunan makaɗin da garinsu, abin da aka yarda a yi da sautin, da sharaɗin cewa kada kowa ya yi wa lufofin rajista a Content ID. In ka gama na farkon, ka turo mini in saurara kafin ka sake shi.