Filin Tambaya Da Amsa: Tambayar Kwamfuta Lissafin Shago

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sari na kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina. Shekara uku ke nan duk cinikinmu yana shiga kwamfuta, amma in ina son sanin wani abu sai na jira yaron da ya haɗa mana manhajar. An ce mini yanzu ƙirƙirarriyar basira tana amsa irin wannan kai tsaye. Ta ina zan fara? Daga wani ɗan kasuwa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya aka faɗa maka, amma akwai sharaɗi. Rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da cinikinka ke shiga a cikin kwamfuta, ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci. Yarensa SQL ne, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM na Amurka a shekarun 1970. Aikin manhajoji irin su ChatGPT da Gemini a nan tafinta ne: ka yi tambaya da bakinka, su juya ta zuwa SQL, rumbun ya fitar da amsa. Tafintan kuwa bai taɓa taka shagonka ba, abin da ka gaya masa kaɗai ya sani.

Don haka fara da yaron naka. Ya rubuto maka sunayen jadawalan da ke cikin rumbun, misali na kaya, na ciniki, na masu bashi, da sunan kowane gurbi da ma'anarsa. Gurbin da aka sa wa suna farashi, na sari ne ko na sayarwa? Adadi kuma, katan ne ko ƙwaya? Wannan takardar ita za ka fara liƙa wa manhajar ƙirƙirarriyar basirar kafin kowace tambaya. Sannan ya buɗe maka ƙofar shiga ta karatu kawai, wadda ba ta da ikon gogewa ko canza komai, kuma ya kwafe rumbun ya ajiye a gefe. Umarnin da ya fara da SELECT dubawa yake yi. In ka ga DELETE, UPDATE ko DROP, masu gogewa ko canza bayanai ne, ka dakata, kada ka danna.

Satin farko kada ka tambayi abin da ba ka san amsarsa ba. Ɗauki rana guda da kake da rasitanta a hannu, ka ce a ba ka jimillar cinikin ranar, ka gwada da littafinka. In sun yi daidai ka ƙara zuwa sati, sannan wata.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin haɗa jadawali biyu. A ce wani ya ɗauki kayan naira 90,000 bashi, ya biya sau uku. A jadawalin ciniki layi ɗaya ne, a na biya layi uku. In manhajar ta haɗa su ba tare da ta fara tara biyan wuri guda ba, kayan za su fito sau uku, ta ce maka 270,000. Ba za ta nuna wata alamar kuskure ba, lambar za ta fito tsaf kamar ta gaskiya, kuma wannan ne ya sa muke jin tsoron matsalar fiye da kowace. Maganinta: duk lokacin da aka ba ka jimilla, ka ce a nuna maka layuka 20 daga cikin waɗanda aka tara. Da ido za ka ga rasit ɗaya yana maimaituwa.

Sai rubutun suna. In yaran shago sun rubuta Dutsinma yau, gobe Dutsin-ma, jibi D/ma, kwamfuta garuruwa uku take gani. Haka Muhammad da Mohammed. Ka sa a jero maka duk sunayen da ke gurbin, a gyara su su zama iri ɗaya tukuna.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Daura. Na tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira yawan cinikin da na yi a watan azumi, ta ba ni lambar da ban yarda da ita ba. Me ya jawo? Daga wata 'yar kasuwa.

Amsa: Hajiya, rumbunki da kwanan watan bature yake aiki, bai san azumi ba, sai manhajar ta yi kintace. Ki ba ta ranakun da kanki. Azumin 2025 a Najeriya ya kama daga 1 zuwa 29 ga Maris, sai ki ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Ki kuma duba tsarin kwanan watan: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. Kalmar ciniki ita ma ki fayyace ta. Kuɗin da ya shigo hannu kike nufi, ko har da bashin kayan sallah da ba a biya ba? An cire kayan da aka dawo da su? Hausa tana shiga waɗannan manhajojin, sai dai ba su ƙware a kanta kamar Turanci ba, don haka ki ce ta maimaita miki yadda ta fahimci tambayar kafin ta yi lissafi.

Tambaya: Zan iya loda wa manhajar ƙirƙirarriyar basira fayil ɗin Excel na masu bashina gaba ɗaya? Daga Kofar Kaura, Katsina.

Amsa: Ba mu ba da wannan shawarar ba, Malam. Sunaye da lambobin wayar mutane amana ce, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ka ba ta sunayen gurabe da layuka biyar na misali da ka cire suna da lamba, ta rubuta maka umarnin, kai kuma ka aiwatar da shi a kwamfutarka.