Kafin Ki Aje Aikin Biro Ki Kama Tukunya

Ɗiyata, kin tambaye ni ko lokaci ya yi da za ki aje aikin biro ki buɗe naki wurin, kina dafa abinci mai lafiya kina aika wa ma'aikata da rana. Hannunki ya faɗa, ba na shakka. Dambun zogalen da kike yi mana ran Asabar ba ya kwana. Amma amsata ita ce tukuna. Kada ki saki reshe ki kama ganye. Albashi yana shigowa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, tukunya kuwa sai an ci an biya.

Abin da kike koyo a wurina, wato girki, shi ne mai sauƙin. Wahalar tana kan hanya. Ma'aikaci a Plateau, unguwar ma'aikatu ta nan Yamai, ɗan hutun azahar kawai gare shi. In kwanonsa bai iso ba kafin ya idar da salla, zai leƙa bakin ƙofa ya sayi shinkafa da miya, gobe kuma ba zai kira ki ba. Ke a Harobanda kike, ƙetaren kogi, duk kwano sai ya ƙetare gada, kin kuwa san yadda gadar Kennedy take cika. Don haka ki zaɓi unguwa guda, in da hali titi guda, inda yaro ɗaya da moto ɗaya zai sauke kwanuka goma a biro biyu ko uku. Mutum ɗaya a Yantala, ɗaya a Talladje, ɗaya a Wadata, wannan ribar esansi ne zai cinye ta.

Ga kuma rana. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a aje ba bisa wuta ba, ba cikin firigo ba, a zafinmu kuwa ni ko hakan ba na bari ya kai. Wake da duk abin da aka sa wa ƙuli su ne masu saurin juyawa. Ki zuba da zafinsa ki rufe, salati da tumatir a nasu mazubin dabam, bayan an wanke su sosai. Kifi ki saye shi da safe ki dafa a ranar, kada ki dogara da firigo a lokacin da wuta take yawan ɗaukewa. Ciki ɗaya ya ɓaci a biro, kafin la'asar kowa ya ji.

Masu neman irin abincin nan yawancinsu likita ne ya ce musu hawan jini ko suga. Ba abincin Turawa suke nema ba, kuma ba su son lami. Abinda muke da shi ya isa: gero, wake, zogale, yakuwa, kifin kogi, albasar Galmi. Gishirin da aka yarda babba ya ci bai kai giram 5 a yini ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda yake cikin dunƙule. Mu kuwa nan sai a jefa dunƙule uku a tukunya a bi da gishiri. In kin rage su, dole wani abu ya tsaya a madadinsu, shi ne sirrin sana'ar. Albasa ki bar ta bisa ƙaramar wuta har ta yi ja ta saki zaƙinta, sannan daddawa, tafarnuwa, citta, a matsa lemun tsami bayan an sauke. Mai kuma da cokali ake aunawa, ba a tuttulawa daga bakin bido. Abu guda nake roƙonki: kada ki taɓa ce wa kowa abincinki magani ne, ko ya sa ya bar shan ƙwayoyinsa. Wannan alhaki ne babba.

Batun kuɗi, a biya kafin a ci, na mako ko na wata. Mutanen biro da “sai ƙarshen wata” suka saba, ke ma kin sani tunda cikinsu kike, kuma kunyar abokan aiki ita ce za ta fara karya ki. In za ki yanka farashi, kada ki yi lissafi da tumatirin lokacin ɗari da ake kusan bayarwa kyauta. Ki yi da na damina. Ki sa gaz, mazubi, esansi, ladan yaro, da naki ladan, domin da yawa suna manta kansu. Ran Juma'a rabin yini ake aiki. Watan azumi kuwa abincin rana yana tsayawa cik, sai wadda ta shirya na buɗa baki.

Ga yadda nake so ki yi. Ki riƙe aikinki, ki fara da kwana biyu a mako. Ki haɗa komai da asuba, ƙanwarki ta ƙarasa, yarona zai kai miki tunda hanyarsa ce. Ki sanar da shugabanki tun farko, kada ya ji a bakin wani. Duk dalar da ta shiga ko ta fita ki rubuta. In masu biya tun gaba sun tsaya, ribar kuma ta kama kusa da albashinki wata bayan wata, har kin ratsa azumi ko damina da ita, to ni da kaina zan raka ki Maison de l'Entreprise, inda ake rajistar sana'a, a yi takardu, don ma'aikatar da za ta ba ki aikin taro sai ta nemi NIF, wato lambar mai biyan haraji.

Ran Asabar ki zo da littafin lissafi da alƙalami. Za mu shiga kasuwar Katako mu ji kuɗin tiyar gero da ta wake, mu dawo mu fitar da abin da kwano guda yake ci.